Wata 9 ana masa maganin basir da saifa, ashe ciwon Hirschsprung ne

Wannan bayanin wani yaro ne da aka yi jinyarsa a sashen tiyatar yara inda nake aiki anan cikin garin Kaduna. Ba suna ba lambar fayil, abunda kawai zan faɗa shine daga ɓangaren Rigasa suke, Rigasa kuwa kowa ya san girmanta, ba mai nemo mutum a cikinta da wannan kwatancen. Na zaɓi nashi ne saboda kusan duk abunda ke samun masu wannan lalurar a wajenmu sai da ya same shi, tun daga ɓata lokaci tsakanin gida da kemis har zuwa rigimar dangi akan tiyata.

Namiji ne, ɗan fari, watansa 9. Abunda uwar ta faɗa a wajen yankar kati shine gudawa da zazzaɓi kwana uku, da amai, kuma ya ƙi kama nono. Da a nan aka tsaya toh ORS da zink za'a basu a haɗa da maganin maleriya su koma gida, dan irin wannan koken shi ya cika layin yara kullum. Amma ana ɗage masa riga magana ta canza. Yaron da gudawa ta ci kwana uku cikinsa lafewa yake, wannan kuwa ciki ne tim, fata har sheƙi take, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, cibiya ta turo waje, in ka ɗan buga da yatsa sai kaji amon iska, ga tsagar wanzami layi-layi ta gefen hagu wasu sun warke wasu sababbi. Hannu da ƙafa kuwa ba tsoka. Nauyinsa kilo 5.6, alhali namiji ɗan wata 9 ana sa ran ya kusa kilo 9. Zafin jiki 38.9, ido ya faɗa, maɗiga ta faɗa, zuciya na gudu, aman kuma kore ne shar, ba fari irin na tumbuɗi ba. Mu a tiyata in jariri yayi koren amai toh toshewar hanji muke ɗauka har sai an tabbatar ba ita bace, dan akwai murɗewar hanji da ke iya kashe hanjin yaro gaba ɗaya cikin awowi kaɗan.

Oga, wato kwansaltan ɗinmu, babban likitan sashen, ya sa safar hannu ya duba dubura. Tana nan a mazauninta, girmanta daidai, hakan ya cire zargin irin yaran da ake haifa ba dubura ko kuma ta ɓullo a wani waje daban. Amma ciki a matse yake kuma wayam, ba kashi ko kaɗan iya inda yatsa ya kai duk da uban cikin nan da ke sama. Yana zare yatsa sai ga iska da ruwan kashi sun yi feshi da ƙarfi, wari kam ba'a magana, nas ɗin da ke riƙe masa ƙafa sai da ta canza riga. Nan take cikin ya ɗan saki. Wannan feshin yana cikin manyan alamomin ciwon Hirschsprung.

Sai aka koma tarihi. A gida aka haife shi hannun ungozoma, ciki ya cika watanninsa, uwar ta je awo har da sikanin ba'a ga komai ba, kuma dama wannan ciwon ba kasafai sikanin ciki ke nuna shi ba. Da aka tambaye ta wace rana ya fara kashi sai tayi shiru, yarinya ce, haihuwar fari, a lokacin ta kanta take yi. Kakarsa ta wajen uwa ce, wadda tayi mata wankan jego, ta karɓe zancen tace, "Likita ai wannan bazan manta ba, Laraba da asuba aka haife shi, har Asabar bai yi ba, ciki ya ɗaure yana ta kuka, ni na fere sabulu na sa masa sannan yayi wani baƙi mai yauƙi." Oga yace "Hajiya kin gama mana rabin aiki." Kuma gaskiyarsa. Jaririn da ya cika wata tara a ciki, sama da 9 cikin 10 suna yin wannan baƙin kashin na farko cikin awa 24, zuwa awa 48 kusan kowa yayi. Wanda ya wuce kwana biyu bai yi ba asibiti ya kamata ya kwana.

Daga ranar har zuwansu wajenmu bai taɓa yin kashi da kansa yadda ya kamata ba, sai kwana huɗu, biyar, wani lokacin sati, kuma sai an sa sabulu. Da yake nono zalla yake sha kashin da laushi, ana lallaɓawa a haka, da aka fara bashi koko da kunu wajen wata 6 ne abu ya rincaɓe. A tsakanin nan ba abunda ba'a ce ba. An ce ɗankanoma ne, an ce basir ne ya sha a nono sai uwar ma aka ɗora ta akan jiƙo, da ciki ya ƙara girma aka ce saifa ce aka kira wanzami. Mai kemis ya bada maganin tsutsa da siraf na saukar da ciki. Sun je wani ƙaramin asibiti aka ce taurin bayan gida ne irin na yara, a ƙara masa ruwa da lemu zai daina. Ni a cikin duk waɗannan ba kakar nake ganin laifi ba, sabulun nata ba magani bane kuma yana ƙona fatar cikin dubura, amma shi ya dinga buɗe hanya har yaron ya kai wata 9. Wanda yafi bani haushi shine ma'aikacin lafiyan da aka kai masa jariri mai irin wannan cikin bai tambayi ranar kashin farko ba, tambayar da bata cin ko sisi.

Toh mene ne ciwon? Hanji ba bututu bane kawai da abinci ke gangarawa, a jikin bangonsa akwai wasu ƙwayoyin jijiya da ake kira gangiliyon, su ke sa shi ya matse nan ya saki can yana tura abu gaba. Waɗannan ƙwayoyin tun yaro na ciki suke tafiya daga sama, wajen maƙogwaro, suna bin hanji suna sauka ƙasa, tsakanin sati na 5 zuwa na 12 na ciki, dubura ce zangonsu na ƙarshe. A wasu yaran sai tafiyar ta tsaya a hanya. Guntun da basu kai ba baya iya saki, kullum a damƙe yake, kashi in ya zo nan sai ya tsaya, lafiyayyen hanjin da ke sama yayi ta turawa yana kumbura yana kauri. Kaman tirela ce ta mutu a kan gadar Kawo, cunkoson da kake gani ya kai Mando duk motoci ne masu lafiya, mai matsalar tana can gaba ita kaɗai. Wannan ne ke ruɗar mutane, kuma ya daɗe yana ruɗar likitoci ma. Harald Hirschsprung, likitan yara ɗan ƙasar Denmak da aka sa wa ciwon sunansa, a 1886 ya gabatar da bayanin yara maza biyu da suka rasu basu kai shekara ba da babban hanji a kumbure, kuma shi kansa ya ɗauka kumburarren wajen ne mai ciwon. An yi shekaru da yawa akan wannan fahimtar. Sai a 1948 Orvar Swenson a Boston ta Amurka ya fito da tiyatar da ke cire matsattsen guntun nan na ƙasa, wanda a ido kaman ba abunda ya same shi.

Ana samunsa a kusan haihuwa 1 cikin 5,000, maza sun ninka mata wajen sau 4, kuma a kusan 8 cikin 10 guntun da ya lalace gajere ne, dubura da ɗan lanƙwasar hanjin da ke samanta. Akwai kaɗan da yake cinye babban hanji gaba ɗaya, waɗannan aikinsu yafi wuya nesa ba kusa ba. Yafi yawa a yara masu lalurar Down, kuma yana iya bin jini a wasu gidajen. Uwar ta ja ni gefe ta tambaya ko wani abu ne ta ci da cikinsa, dan an faɗa mata yawan cin yaji ne. Nace mata ba abinci bane, ba maganin da ta sha bane, ba kuma hannun wani bane.

Gudawar da ta kawo su kuwa ita ce abun tsoron. In kashi ya daɗe a tare ƙwayoyin cuta sai su hayayyafa, bangon hanji ya kumbura ya fara tsatsafo ruwa, cutar ta shiga jini, ruwan ya dinga zurarowa ta gefen toshewar sai a ɗauka gudawa ce ta yau da kullum. Enterokolaitis ake ce masa, kuma shi yafi kashe masu wannan ciwon. Dan haka ba'a yi maganar tiyata a ranar ba sam. Aka basu gado, aka hana shi komai ta baki, aka sa robar hanci tana zuƙo iska da koren ruwan, ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta har da filajil ta jijiya. Gwajin jini ya nuna jininsa yayi ƙasa, PCV 24, sinadarin fotashiyam ma yayi ƙasa, maleriya babu. Hoton ciki ya nuna hanji cike da iska, ƙasa wajen dubura ba iska, kuma alhamdulillahi ba alamar hanji ya fashe. An duba aikin tairod ma, wato ƙwayar wuyan nan da in ta kumbura ake ce mata maƙoƙo, dan ƙarancin sinadarinsa yana kawo taurin ciki a jarirai, ya fito lafiya.

Amma abunda ya ceci yaron a kwanakin farko shine wankin hanji, kuma ina so a gane bambancinsa da ɗurar da ake yi a gida. Ɗura ana zuba ruwa ne a jira yaro ya yunƙuro shi, mai wannan ciwon kuwa ba zai iya turowa ba, ruwan sai ya zauna a ciki. In tsurar ruwa ne ma hanjin da ya faɗaɗa haka zai iya shanye shi da yawa har gishirin jini ya sauka yaro ya fara jijjiga. Wanki kuwa roba mai laushi mai faɗi ake shafa wa mai a zura a hankali har ta wuce matsattsen wajen, a tura ruwan gishirin asibiti mai ɗumi kaɗan-kaɗan da sirinji, mil 10 zuwa 20, a cire sirinjin a bari ya dawo ta cikin robar, ana ɗan shafa cikin, a maimaita har ruwa ya fara fitowa da haske. Sau uku a rana aka fara masa. Aiki ne mai wari mai cin lokaci, wallahi nas-nas ɗin ɗakin yara sun cancanci a yaba musu. Cikin kwana biyu zazzaɓi ya sauka, ya fara neman nono.

Da ya natsu aka kai shi hoton da ake zuba ruwa mai haske ta dubura. Ba'a yin shi lokacin da hanji ke cikin kumburin cuta dan zai iya fashewa, kuma ana dakatar da wanki kafin a yi dan kar a ɓata abunda ake nema. Hoton ya fito ƙarara, dubura siririya, sai can sama kaɗan hanji ya buɗe ya zama ƙato, alhali a lafiyayyen yaro dubura ce tafi faɗi. Washegari da aka sake ɗauka ruwan na nan bai fita ba. Duk da haka hoto baya yanke hukunci, hukunci na bayofsi ne, wato a yanko ɗan naman bangon dubura a kai leb a duba ko akwai gangiliyon. Shi ma da ƙa'idarsa, ba'a yanka daf da baki dan wajen dama ƙwayoyin basu da yawa ko a mai lafiya, sai an ɗan hau sama.

A ƙasashen da ake gano ciwon a satin haihuwa yawanci tiyata ɗaya ake yi a gama. Namu yaron ba haka ba. Hanjin ya faɗaɗa sosai ba zai ɗinku da ƙaramar dubura ba, ga tamowa, ga cutar da ya fito daga ciki yanzun nan, kuma ko an wanke bayan awowi cikin sai ya sake tashi. Sannan bamu da tsarin da mai leb zai duba nama nan take ana cikin tiyata ya faɗa maka inda gangiliyon suka fara. Dan haka oga ya yanke a fara da kolostomi, a fito da lafiyayyen hanji ta gefen ciki yana kashi ta nan, a ɗauki bayofsi lokaci guda, in ya murmure sai a yi babban aikin.

Anan aka yi ta. Uban mai tuƙa Keke Napep ne, shi tambayarsa biyu, nawa ne kuma har abada ne? Kakar ta wajen uba kuwa da aka kira ta tace sam, "Ɗan nan, a huda wa jariri ciki kashi na fita ta gefe? Ni tunda nake ban taɓa gani ba, ku bamu shi mu koma gida, Allah da ya halicce shi ya san yadda zai yi dashi." Uwar na gefe bata ce uffan ba, kuma kowa ya san a irin wannan zaman ba ita ke da ta cewa ba duk da ita zata yi wahalar. Oga yayi bayani, ya zana a takarda, nima nayi nawa, tsohuwa ta kafe. An kai matsayin da uban ya nemi takardar sallama. Abunda ya juya zancen ba mu bane, wata mata ce da ta kawo ɗanta a duba shi, an taɓa masa kolostomi an rufe, sista mai kula da ɗakin ta roƙe ta ta shigo. Ta ɗage rigar yaron ta nuna tabon, ɗan layi ne kawai, yaron kuma sai fizgewa yake yana son ya koma wasa. Tace "Mama nima haka surukata tace, yanzu ita ke goya shi." Tsohuwa ta shafa tabon da hannunta, ta jima, sannan tace wa ɗanta ya sa hannu. Tun daga nan nake ganin duk sashen da ke irin wannan aikin ya kamata ya riƙe lambobin iyaye biyu uku da suka yarda a kira su.

An ƙara masa jini aka shiga. Abunda aka gani ya dace da hoto, dubura da ƙasan lanƙwasar hanji a tsuke, sama kuma faɗinsa ya kai wajen santimita 8, bango yayi kauri, cike da tsohon kashi. Aka fito da hanji ta gefen hagu a sama da inda faɗin ya fara, ba a daidai mahaɗar ba dan wajen mahaɗar ƙwayoyin basu cika ba, aka ɗauki nama daga dubura, daga mahaɗa, da kuma bakin kolostomin. Sakamako ya ɗauki sama da sati biyu. Dubura ba gangiliyon, sai jijiyoyi masu kauri, bakin kolostomi kuma akwai su isassu. Shikenan an tabbatar.

Zaman gida da kolostomi shine ɓangaren da ba'a cika rubutawa ba. Ledar da ake mannawa tana da tsada, ta yara ma samunta aiki ne, dan haka uwar tsohuwar atamfa mai laushi ta yayyanka tana naɗewa da bandeji, tana wankewa tana shanyawa. Yana yi, sai dai fatar gefen tana saɓulewa in ba'a canzawa da wuri, aka koya mata wanke wajen da ruwan ɗumi kawai, ta bari ya bushe, ta lafta man zink mai kauri. An gaya mata jan naman zai iya ɗan yin jini in an goga, ba komai, amma in ya zazzago yayi tsawo, ko ya koma baƙi, ko kashi ya tsaya, ta taho ko tsakar dare ne. Ta tambaya ko zata iya sallah da shi a goye, muka ce wannan ta tambayi malami, namu shine mu nuna mata yadda zata rufe wajen kar ya ɓata mata zani. Ta daina zuwa biki da suna dan maganar mutane, har akwai maƙwabciyar da ta hana 'ya'yanta ɗaukarsa. Ta ɓangaren abinci an fara da abincin tamowa na leda, daga baya kunun gyaɗa, waken suya, ƙwai, kifi in an samu. Akwai lokacin da suka ɓace wata biyu ba labari, keke ya lalace ba kuɗin mota balle na aiki, sai da aka bi su a waya. Da suka dawo yana da wata 15 nauyinsa kilo 8.4, har ya fara miƙewa yana bin bango, da ƙyar na gane shi.

Babban aikin shine a cire guntun da ba ƙwayoyi a jawo lafiyayyen hanji a haɗa da bakin dubura. Hanyoyin da aka sani uku ne, ta Swenson, ta Duhamel na Faransa ta 1956, da ta Soave na Italiya ta 1964, sannan a 1998 De la Torre a Meziko ya nuna za'a iya yin aikin duka ta dubura ba tare da an buɗe ciki ba. Kowane likita da wadda hannunsa ya saba. Shi namu an haɗa ne, ta ciki aka ɓanɓaro kolostomin aka saki hanjin da jijiyoyin jininsa yadda zai kai ƙasa ba tare da ja ba, ta dubura kuma aka bi salon Soave, aka ɗaye fatar ciki aka bar ɗan hannun riga na tsoka aka tsaga shi ta baya, dan kar a taɓa jijiyoyin mafitsara da na gaba da ke kewaye da wajen. Wajen da oga yafi yin a hankali shine wani ɗan layi da ke cikin bakin dubura, nan ne mutum ke jin bambancin iska da ruwa da kashi, in aka yanke shi yaro zai iya tashi yana ɓata wando ba ya sani. Ɗinki dole ya zauna kusan santimita ɗaya sama dashi. Bakin kolostomin nan da leb ya tabbatar yana da gangiliyon shi aka jawo aka ɗinke, aka duba bai murɗe ba kuma jajir yake da jini, aka rufe ramin ciki.

Bayan aiki aka liƙa takarda a kan gadonsa, kar a sa komai ta dubura, ba maganin matsi ba ma'aunin zafi, kuma aka ja wa kaka kunne akan sabulu, tayi dariya tace ta tuba. Washegari ya fitar da iska, kwana na biyu yayi kashi da kansa ta inda kowa ke yi, karon farko a rayuwarsa, aka fara bashi nono. Sai kuma sabuwar matsala da dama an faɗa musu, kashi sau goma ko fiye a rana, ɗuwawun da ya daɗe bai ga kashi ba ya saɓule yayi ja, nan ma man zink ne da barinsa ba famfas iska na bugawa. Sannu a hankali yawan ya ragu. Bayan sati uku aka duba ɗinkin an ga ya ɗan tsuke, aka koya wa uwar faɗaɗa wajen da ƙarfen da ake amfani dashi, kullum, ana ƙara lamba a hankali. Ba uwar da ke son yin wannan, yaro na ihu ita ma tana hawaye, amma in aka bari ya tsuke sai an koma tiyata.

Tiyata bata kawar da haɗarin enterokolaitis, ko an cire guntun zai iya dawowa, musamman shekarun farko. Wajen wata biyu bayan aikin ya dawo masa, ciki ya tashi da yamma, zazzaɓi, kashi mai irin warin nan. Wannan karon uwar bata jira kowa ba, ta ɗauko robar da ruwan gishirin da aka sallame su dashi tayi masa wanki a ɗaki, sannan uban ya sako su a keke. Kwana uku suka yi a gado, filajil da wanki, ba ƙarin jini ba robar hanci.

Yanzun shekararsa 2 da wata 4, nauyi kilo 11, yana kashi sau biyu zuwa uku a rana, yana gudu yana surutu, tabon ciki ya kwanta. In ya cika cin burodi da Indomie cikin na ɗan ɗaurewa, sai a koma miyar kuɓewa da ganye da gwanda. Uwar na da ciki, kuma tunda ƙannen mai wannan ciwon sun fi sauran yara haɗarin samunsa an rubuta a katin awonta cewa a asibiti zata haihu kuma kar a sallame su sai jariri yayi kashi. Abunda ya rage a kansa shine yana ɗan ɓata wando da daddare wasu ranakun. Ba'a iya yanke hukunci akan riƙe kashi sai yaro ya kai shekara 3 zuwa 4, dan haka yanzu zaunar dashi ake a fo bayan kowane cin abinci ana rubuta ranakun da ya ɓata. Zasu dawo bayan wata uku, in abun bai ragu ba oga yace za'a yi hoto a ga ko kashi ne ke taruwa yana tsiyayowa, in ba shi bane a duba ɗinkin da layin nan na cikin bakin dubura a ƙarƙashin allurar barci.